Yadda Yaya Idris Ya Gyara Motar Kaka

A gidanmu na unguwar Rusaifa a Makka abu biyu ne suka rage daga hannun kakanmu Malam Sabitu: wata tsohuwar motar tsere da ke kwance a tsakar gida, da ɗakin Goggo Kande, autarsa. Shekara da shekaru suna zaune lafiya, bango ɗaya ne tsakaninsu. Sai da yayana Idris ya tashi neman suna sannan aka ce dole ɗaya ya ba ɗaya hanya.

Ni Sa'adiya, tun da na yi wayo motar nan a wurin na gan ta. Doguwa ce siririya, hancinta ya fi sauran jikinta tsawo, kujera biyu kacal, babu rufi, ƙafafunta da wayoyi kamar na keke. Tsatsa ta cinye jan fentinta sai ɗan abin da ba a rasa ba. Kaji sun yi ƙwai a kujerar direba, mage ta haihu a ɗaya kujerar, mu kuma muna shanya a kan hancinta. Ba wanda ya taɓa jin kukan injinta, ba kuma wanda abin ya dama.

Tarihinta ba ɓoyayye ba ne, Goggo ta sha ba mu. A Italiya aka ƙera ta kafin yaƙin duniya na biyu, don tsere kawai, an ce ta yi gudu a filayen Turawa har ta gaji. Bayan yaƙi ta faɗo Iskandariyya, wani attajirin Jidda ya sayo ta don 'ya'yansa su yi wasa. Kaka kuwa a ƙafa ya taso daga Gaya, yana tafiya yana tsayawa ƙwadago, ya ratsa Sudan, ya tsallako teku, ya sauke farali, sannan ya samu aiki a gidan attajirin nan. Da motar ta mutu aka rasa kayan gyaranta, shi kuma Kaka ya ce zai koma Makka da zama, sai maigidan ya ce ya tafi da ita. Kyauta ce irin ta masu hali, wadda ake yi don a samu fili a gareji. Babbar mota ce ta jawo ta har Rusaifa, lokacin unguwar tana bayan gari, aka ajiye ta a tsakiyar fili, Kaka ya yi ta gini yana kewaye ta.

Ɗakin Goggo shi ne na ƙarshe da ya gina da hannunsa, sa'ad da mijinta ya rasu ta dawo gida. Da duwatsun da ya ɗebo a bayan unguwa ya yi shi, a daidai inda babbar ƙofar gidan take, aka bar mana wata siririyar ƙofa a gefe. Ɗakin ba wani kyau gare shi ba. Bangon a karkace yake, ƙofar sai ka sunkuya. Amma ko ana tsakiyar zafin Makka akwai sanyi a ciki, kuma yana da tagar katako mai kallon lungu. A tagar nan Goggo take rayuwarta. Duk matar da ta zo wucewa sai ta tsaya, a gaisa da Hausa, a ji wa ya haihu wa ya rasu, a miƙa alkaki a karɓi goro. Ta haura tamanin, ƙafa ta daina kai ta ko'ina, amma babu abin da zai faru daga Rusaifa zuwa Jarwal bai biyo ta tagar nan ba.

Yaya Idris babban ma'aikaci ne a wani kamfanin safa-safa a Kudai, mutum mai farar jallabiya da ƙamshin turare. Abu ɗaya ne yake ci masa tuwo a ƙwarya, shi ne labarin zuwan Kaka a ƙafa. Idan suka zauna a majalisa da abokansa, wannan ya ce kakansa mai dawakai ne, wancan ya nuna takobi a bango, shi kuwa abin da kakansa ya zo da shi faso ne a dunduniya. Tun muna makaranta, in yara suka ce masa Takari sai ya wuni ba ya magana. Rannan yana latsa waya ya ci karo da mota irin tamu sak a wani bikin tsofaffin motoci, Turawa na kewaye ta kamar amarya. Daga ranar, a bakin Yaya, Kaka ya zama direban tsere. Ba a jima ba ya ci gasa a Masar. Kafin azumi ya kayar da Turawa tsibi guda, ɗaya har ya yi kuka.

Goggo da labarin ya iso mata ta taga, ta sa aka kira shi.

"Idrisu, Baba fa bai taɓa tuƙa ta ba. Wanke ta yake yi. Sau ɗaya na ji ya ce ya zauna a ciki, shi ma don ya goge sitiyari ne."

"Ya Goggo, Allah ya bar mana ke, wannan magana ta tsaya a gida. Mutane ba sa fahimta."

"Me ne ne ba sa fahimta? Wanki?"

Ya miƙe ya fita. Washegari ya shigo da Suhaibu, wani bakanike ɗan Maraɗi da ke gyara musu safa-safa a Kudai, wanda tun da yake bai taɓa sa hannu a motar da ta girme shi ba. Zani ce ta tad da mu je mu. Su biyun aƙidarsu ɗaya ce: tsoho ciwo ne, sabo magani. Ba zan ɗora musu laifin duka ba, domin a garin nan haka muka tashi muka gani, abin da ya tsufa a ture shi a kafa mai sheƙi.

Suhaibu ya ɗaga hancin motar, ya leƙa, ya girgiza kai.

"Alhaji, injin ga ya mutu tun ba a haihe ni ba. Mi za mu yi da shi? Ina da na akori-kura ɗan Japan, sabo ful, ko Madina kake so shi kai ka."

"Ɗayyib, ya yi. Cire shi."

Ƙarti suka ciccibi injin suka fitar da shi ta siririyar ƙofa, sai tashlih, inda ake tara matattun motoci ana yanka su. Bayan inji sai bodi, wai duk ya lotsa. Bayan bodi sai ƙarfen da motar take zaune a kai, wai tsatsa ta ci shi, kuma ba zai ɗauki sabon injin ba. Suhaibu ya sa wuta ya yayyanka shi. Ƙafafu masu wayoyi suka bi baya, aka kawo wasu masu faɗi masu ƙyalli. Kullum tsohon abu na fita ta ƙofar nan, sabo na shigowa a kwali, a haɗa shi a tsakar gida. Goggo tana kallo daga bakin ƙofarta ta ce ita dai kamar ana rabon naman layya.

Fenti kuwa, Yaya ya ce ja launin yara ne, aka yi mata fari mai walƙiya da zanen ruwan zinare. Aka sa kujerun farar fata da wurin ajiye kofin gahawa. Ranar da na ga Suhaibu yana ɗaura mata na'urar sanyaya wuri na kasa yin shiru.

"Yaya, motar da ba ta da rufi, wa mukayyif ɗin zai sanyaya? Unguwa?"

"Sa'adiya, ke ba ki san mota ba."

Ni da nake kai matarsa asibiti a tawa motar duk lokacin da yake majalisa yana ba da labarin gasar Masar.

Sai da aka ci azumi biyu ana wannan aiki. Ranar da aka tayar da ita, kukan injin ya cika gidan, tantabarun maƙwabta suka watse, Yaya ya zauna a ciki da baƙin gilashi ana ɗaukarsa hoto. Gaskiya ta yi sheƙi, ba zan yi ƙarya ba. In da a ɗakin amarya aka ajiye ta da ba wanda zai ce komai.

A lokacin ne aka sa ranar bikin tsofaffin motoci a Jidda. Akwai rukunin motocin da aka ƙera kafin yaƙi, amma ba a shiga sai wani tsohon Bature masani da aka ɗauko ya duba mota da idonsa ya amince. Yaya ya tura masa tsohon hoton motar, na zamanin kaji, don ya ga irin wahalar da aka sha. Baturen ya kira da kansa, ya ce yana so ya gan ta da gaggawa. Yaya ya ce ai gida gidansa ne, ya zo cin abincin rana. Aka yi odar rago, aka shimfiɗa dardumai a tsakar gida, aka gayyaci 'yan majalisa kaf. Ana gobe zai zo, matarsa Wafa tana jera kofuna ta tambaye shi da sunan alkunyar da take kiransa da shi:

"Abu Turki, shi baƙon naka musulmi ne?"

Wafa ta ce min sai da ya kusa minti bakinsa a buɗe. Mutumin da aka haifa a Makka, wanda kullum motocin kamfaninsa ke wuce allon nan na hanyar Jidda mai karkatar da waɗanda ba musulmi ba su bi ta wata hanya, shi ne ya manta Bature ba ya shiga garin. Har ya fara tunanin ko a ɗan yi wa mutumin wa'azi ta waya. Baturen dai ya ce ba komai, a kawo masa motar bayan iyakar Harami, zai jira.

Sai aka ɗauko abin awo. Suhaibu ya auna motar, ya auna ƙofar, ya sake auna motar, kamar za ta rame don ya matsa mata. Ko rabinta ba zai wuce ba. Aka ce a kawo motar ɗaga kaya a fitar da ita ta sama, sai aka tuna ɗakunan da mahaifinmu ya ɗora don haya ga alhazai sun rufe tsakar gidan, sararin da ya rage bai fi na leƙen wata ba. Na ce to a kwance ta kamar yadda aka haɗa ta.

"Hajiya, walda ni yi mata ta har abada," in ji Suhaibu, har da alfahari. "In an taɓa ta, fentin ga ya tashi aiki."

Hanya ɗaya ta rage, wadda ta shigo ta cikinta tun farko. Duk muka juya muka kalli ɗakin Goggo.

Na yi faɗa, na yi rantsuwa, na ce sai dai a bi ta kaina. Yaya bai kula ni ba. Ya sayo kwalin dabino mai tsada, ya sunkuya ya shiga ɗakin, ya durƙusa a gabanta kamar mai neman aure. Ina tsaye a bakin ƙofa.

"Ya Goggo, wallahil azim ba don kaina ba ne. Don sunan Kaka ne. Kwana kaɗan ne, in gina miki wanda ya fi wannan."

"Wanda ya fi wannan a me?"

"A komai. Amma ki tuna, manyan mutane za su taru a Jidda, a kira sunansa."

Ta ja carbinta.

"A lasifika?"

"A lasifika, Goggo. Sabitu na Gaya."

Ta daɗe tana kallon bangon nan karkatacce. Sannan ta ce, "Duk tafiyar da ya yi, babu wanda ya taɓa kiran sunansa a bainar jama'a, ko ranar da ya rasu. In dai don wannan ne, ka rushe."

Raina ya ɓaci ƙwarai, har na ji idona ya kawo ruwa. Maɓalli ɗaya tsohuwar nan take da shi, shi kuma ya san inda yake.

Na ɗauke ta zuwa gidana a Aziziyya, hawa na sama, inda taga ke kallon bayan wani masaukin alhazai. Washegari da safe aka fara rushewa. Bangon da ake cewa a karkace yake sai da ya sa lebura gumi har azahar. Matan lungu suka tsaya cirko-cirko suna kallo, wata ta tambaye ni ko rasuwa aka yi.

Aka ɗora motar a kan babbar motar ɗaukar motoci, aka lulluɓe ta da farin ƙyalle. Yaya da Suhaibu suna gaba, ni ina binsu a tawa, don na rantse sai na ga ƙarshen abin da idona. Muka wuce iyaka, muka tsaya a wani gidan mai a gefen hanya. Baturen na nan tsaye a rana da malafa, tsoho siriri, yana jin Larabci irin na Masar. Ya riƙe hannun Yaya da hannu biyu ya ce irin motar nan 'yan kaɗan ne suka rage a duniya, bai taɓa zaton zai ga wata kafin ya mutu ba.

Yaya ya yaye ƙyallen da kansa.

Tsohon ya zagaya ta a hankali. Ya ƙwanƙwasa bodin da ɗan yatsa ya saurara. Ya ɗaga hancin, ya kalli injin akori-kura, ya mayar ya rufe a hankali kamar mai rufe fuskar gawa. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi. Ya murɗa wani maɓalli, iska mai sanyi ta buso masa a fuska. Sannan ya juyo.

"Ina motar?"

"Ga ta nan, ya ustaz."

"Wannan na gan ta. Ina wadda ka aiko min da hotonta?"

"Ai ita ce. Gyara ta muka yi."

Ya ce to ba a rasa komai ba tukuna. In dai an adana tsohon injin da bodin da ƙarfen ƙasa, akwai masu iya mayar da kowanne mazauninsa. Yaya ya kalli Suhaibu. Suhaibu ya kalli famfon mai, sannan ya ce ai kayan tashlih ba sa kwana, tuni an matse su an narke.

Tsohon ya zauna a kan dakalin gidan man, ya cire malafarsa. Ya ce da mun kawo ta yadda take, da tsatsarta, da kashin kajinta, da ita zai sa a sahun gaba. Ya ce lotsawar nan da muka raina, kowacce shaidar wani tsere ce, kuma bodin da hannu aka bubbuge shi.

"Amma waccan ba ta tashi," in ji Yaya. "Wannan tana tashi!"

"Akori-kura ma tana tashi."

Yaya ya soma labarin gasar Masar, mutumin ya duba agogonsa. Kafin ya tafi ya koma jikin motar, ya nuna murfin tankin mai, ya ce a duk abin nan shi kaɗai ne na asali. Ya shafa shi da tafin hannu, ya yi mana sallama, ya shiga motarsa.

A hanyar dawowa ni kaɗai ina tuƙi ina dariya ina share hawaye. Motar Kaka ta fita ta siririyar ƙofa gunduwa-gunduwa muna kallo, ba a taɓa ko dutse ɗaya ba. Wadda aka rushe ɗakin Goggo dominta, Suhaibu ne ya haife ta a tsakar gida. Garin neman gira an rasa ido.

Da yamma Yaya ya zo Aziziyya gaishe ta, ya zauna a ƙasa yana wasa da makulli.

"Idrisu, an kira sunan Baba?"

"Ana kan shiri, Goggo."

Ta dube shi, ta dube ni. Ba ta sake tambaya ba.

Ɗaki dai ya gina, kuma ya yi sauri, don kunya ta hana shi sukuni. Sai dai abin da ya iya shi ya yi. Duwatsun Kaka an kwashe an zubar. Tun da yanzu motar na bukatar hanya, aka yanki ɓangaren lungu aka yi mata ƙofar ƙarfe mai naɗewa, ɗakin ya koma ciki. Aka shimfiɗa tayil mai santsi, aka jera fararen fitilu a sili, aka kafa mukayyif, aka kawo gado mai tsawo da labule har ƙasa. Taga ma akwai, can sama kusa da sili, ta gilashi mai hazo wadda ba a buɗewa.

Ranar da na maido ta, Yaya ya sha sabuwar jallabiya yana jiranmu a tsakar gida, kusa da farar motarsa. Na riƙe hannun Goggo har bakin ƙofar. Ta cire takalmi, ta yi sallama, ta tsaya jiran a amsa. Wafa ce ta amsa daga bayanta. Ta shiga tana taka tayil ɗin a hankali, ta zauna a ɗan gefen gadon, mayafinta a kanta, jakarta a cinya. Ta kalli sili, ta kalli labule, ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon tagar.

"Masha Allah, Idrisu. An kashe kyau. Allah ya sa albarka."

Yaya ya washe baki, ya shiga nuna mata yadda ake rage sanyi da ƙarawa. Tana ta gyaɗa kai. Aka kawo mata shayi ta sha rabi ta ajiye, ta yi godiya.

Hankalinta garau yake, kada wani ya ce ruɗewar tsufa ce. Da aka ɗan jima ta taɓa hannuna, ta ce a hankali, amma yadda kowa zai ji:

"Sa'adiya, tashi mu tafi gida, kada mu takura wa mutane."

Na miƙe da makullin mota a hannuna, na rasa gidan da zan kai ta.